Shekarar da Na Riƙe Makullin Motar Babanku

Na san abin da kuke faɗa idan kun haɗu da Sallah, domin bangon ɗakina ba shi da kauri, kunnena kuma da sauransa. Kuna cewa akwai shekarar da Inna ta zaɓi mota ta bar ɗanta. Kuna faɗa kuna dariya, yayanku Babangida ma yana taya ku, amma ni da na haife shi na san dariyar ba ta kai masa ciki. Yanzu har jikoki sun fara ɗauka, kwanaki ƙaramar 'yar ƙanwarsa Kulu ta tambaye ni ko da gaske ne na fi son ƙarfe da mutum. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi tun ina da idon gani. Babanku, Allah Ya jiƙansa, ba mai ba da labarin kansa ba ne, ku kuma a lokacin kowa yana can inda yake neman abincinsa, abin da ya iso muku ta waya shi kuka sani.

Babanku ya yi aikin soja har ya yi ritaya yana Saje, ya je wuraren da bai taɓa gaya mini sunansu ba, ya dawo Zuru da gaɓoɓinsa cif. Ciwon suga ne ya zo ya same shi a gida. Ƙaya ce ta soke shi a gonarsa ta Manga, ɗan ciwon da ko ni ban ɗauke shi komai ba, ya ƙi warkewa, ya yi ta ci, har likita ya ce in ba a yanke ƙafar hagun daga ƙasan gwiwa ba za a rasa mutumin gaba ɗaya. Aka yanke. Ciwon ya warke, amma babanku bai tashi ba. Tsohuwar akori-kurarsa sai da ƙafar hagu ake taka mata kuloci, don haka aka sayar. Babur kuwa ya ce ba zai hau bayan yaro a riƙe shi kamar buhun dawa ba. Sai ya shige ɗaki. Ya daina zuwa masallaci don kada a ɗauke shi a ka, ya daina tambayar gona, rediyo ma sai in kunna masa in dawo in tarar ya kashe. Mutumin da in ya fita sayen goro da hantsi sai azahar ta kore shi gida saboda tsayawa gaisuwa, mutumin da ke gaida Musulmi da Hausa, ya juya ya gaida danginsa na kan tudu da Dakarci, ya tambayi kowa har akuyarsa, shi ne ya koma yana kallon bango. Damina ta zo ta wuce yana haka. Nakan kai masa tuwo in tsaya a bakin ƙofa ina addu'a a zuciyata, don na ga mutuwa iri-iri a dangi, kuma na san akwai wadda take fara cin mutum tun yana numfashi.

Abu na farko da nake so ku riƙe shi ne, Babangida ne ya fitar da shi daga ɗakin nan. Kada wani ya manta da haka. Shi ya yi tunanin mota otomatik, wadda ba ta buƙatar ƙafar hagu, shi ya nemo ta, ta hannu ce 'yar Kwatano, ƙarama, ruwan toka, ya tuƙo ta da kansa daga Birnin Kebbi ya ajiye a ƙofar gida. Babanku ya ƙi fitowa sai da Bitrus ya shiga ya zage shi. Bitrus ɗan ƙanen mahaifinsa ne, tare suka tashi, tare suka shiga soja, shi ya koyi gyaran mota a bariki ya buɗe gareji bayan ya bar aiki. Shi kaɗai ke iya ce wa babanku rago ya kwana lafiya. Ina tsakar gida na ji ƙarar sanda a siminti, na ji an buɗe ƙofar mota, na ji an tayar. Da na leƙa ta zaure na ga ƙeyarsa a bayan sitiyari, sai na koma madafa na zauna a kan turmi na yi kukana.

Daga ranar gidanmu ya dawo gida. Yana zuwa salla biyar a masallaci, yana zuwa Manga ya zauna a gindin ɗorawa yana yi wa masu noma faɗa, yana kai ni asibiti da gidajen biki da na gaisuwar mutuwa. Gaisuwarsa ma ta dawo, sai dai ta canza kama. Da yake sauka da hawa wahala ne gare shi, ba ya tsayawa. Sai ya sauke gilashi, ya ɗora ƙafa a birki sama-sama, motar tana rarrafe, mutumin da ake gaisawa da shi yana biye da ita a gefe da hannu a kan taga. Kafin a gama da wannan wani ya karɓa. Daga ƙofar gidanmu zuwa babban titi, tafiyar da yaro zai yi da gudu kafin ruwan shayi ya tafasa, mu sai mu yi ta a haka, ina wane, ina gajiya, yaya mai jiki, an samu ruwa a wajenku. Ni ina gefe ina jan carbi, raina fari, don kowace gaisuwa ji nake kamar ana ƙara masa jini.

Ba a rufa shekara ba motar ta fara rawar jiki. In zai tashi daga tsaye sai ta yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓi, wani lokaci ta yi jinkiri sannan ta fizga. Bitrus ya duba, ya ce man giya ne ya tsufa, ya juye ya zuba sabo irin wanda yake zuba wa kowace otomatik. Ba ta daina ba. Matarsa Rifkatu ta ce baki ne, mutane sun cika yaba motar, ta sa aka yi mana addu'a a cocinsu. Ni ma na karɓo tofi wurin limamin unguwa na yayyafa a tayoyin, ban ɓoye wa kowa ba. Babanku yana yi mana dariya yana cewa motar nan ta fi shi samun addu'a, ta kowane ɓangare ana roƙa mata.

Dariyar ta ƙare ranar jana'izar Kofur Garba, amininsa tun na bariki. Mata ba ma zuwa maƙabarta, Bitrus ne ya ba ni labari daga baya. Da aka sallaci gawa aka ɗauki makara, babanku ya bi bayan jama'a a mota, tunda ba zai iya takawa ba, yana tafiya daidai da tafiyar ƙafa. Hanyar maƙabartar hawa ce. Suna tsakiyar hawan sai wani ƙauri ya tashi, fitilar gargaɗi ta kama a gabansa, injin yana kuka amma mota ta ƙi gaba, har ta fara silalowa baya sai da ya danne birki. Jama'a ba za su ajiye gawa don mota ba, suka wuce. Ya zauna shi kaɗai a tsakiyar hanya, ba ya iya fita ya tura, ba ya iya hawa tudun da sanda. Yana nan aka binne abokinsa, yana nan jama'a suka dawo suka same shi, kowa yana yi masa sannu. Da aka kawo shi gida sai ya wuce ɗakin nan, ya juya wa ƙofa baya.

Bitrus mutumin kirki ne, Allah Ya saka masa. Ya zo ya ce wannan giyar ta fi ƙarfin saninsa, kada a bar kowa a nan ya buɗe ta, har shi. Ya ji labarin wani makanike a Kontagora mai duba mota da kwamfuta, ya sa aka ɗora ta a bayan babbar mota ya bi ta da kansa. Da ya dawo da ita ya zauna a tabarma a tsakar gida yana cin gyaɗa yana yi mana bayani. Ya ce giyar motar nan a waje ne take otomatik, a ciki kuloci biyu gare ta, irin na motar da ake takawa, sai dai ita ke taka wa kanta, ɗaya yana riƙe da giyar da ake ciki, ɗayan ya riga ya shirya ta gaba. Duka biyun sun ƙone, an sa sababbi, an zubar da man da ya zuba an sa nata, an haɗa ta da kwamfuta ta koyi sababbin kayanta. Sai ya fashe da dariya ya ce wa babanku:

“Ka san abin da mai kwamfutan ya tambaye ni? Wai a Legas mai motar yake zaune? Wai wannan cin gosulo ne, rarrafe cikin cunkoson motoci. Na ce masa, malam, Zuru muke, in ka ga motoci uku a jere to biki ake.”

Babanku ma sai da ya murmusa. Aka bar maganar a nan, aka ce ai tun daga inda ta fito ta zo da ciwonta. Babangida ne ya ɗauki nauyin gyaran, kuma na san ya ji jiki, don a shekarar matarsa tana da cikin fari.

Motar ta dawo sumul, babanku ya sake fitowa. Amma bayan an yi girbi sai na fara jin ƙaurin nan, kaɗan-kaɗan, irin na tukunyar da aka manta a murhu, wanda mai girki ke ji tun kafin kowa ya ji. Na ce masa, ya ce hancina ne. Ba a jima ba karkarwar ta dawo, sama-sama. Ni kuwa tunda nake zama a gefensa ba ni da aikin yi sai kallo da saurare, na fara lura da wani abu. In muka hau hanyar Manga yana tafiya sosai, ko hawa ne ko gangara, babu ƙauri, babu rawa. In muka fito daga unguwa kuwa, kafin mu kai titi ya tashi. Ranar Juma'a ya fi yawa, ranar da kowa ke waje. Ran da aka tashi da hazo da sanyi da sassafe, layi ba kowa, muka fita asibiti, ko alamarsa ban ji ba. Ina wankin shinkafa wata rana sai maganar Bitrus ta faɗo mini, na saki ƙwaryar. Ashe muna da gosulo a Zuru, a cikin motarmu yake zaune, da hula da carbi. Na tuna da makarar Kofur Garba da tafiyar ƙafa a kan tudu. Amma na yi shiru, don ban san ta inda mace za ta fara gaya wa mijinta cewa gaisuwarsa ce ke kashe masa mota ba, alhali gaisuwar nan ita ce na yi shekara ina roƙon Allah Ya dawo masa da ita.

Ina cikin wannan juyayin Babangida ya iso, ba shi kaɗai ba, da wani dillalin motoci. Labarin karkarwar ya kai masa. Ya shiga wurin babansa ya durƙusa ya yi bayani cikin ladabi: motar nan ba ta da magani, kowa ya ce masu irinta kuka suke da ita, gara a rabu da ita tun tana tafiya da ƙafarta. Ya riga ya yi magana da mutumin, ya ba shi kalma. A madadinta zai ɗauki mai keke napep wanda zai riƙa zuwa kullum yana kai Baba duk inda yake so, har Allah Ya hore wata. Ina bakin ƙofa ina ji. Na san wata ɗin ba kusa take ba, shi ma ya sani. Babanku ya ce yadda kuka gani, ai kai ka saye ta. Muryar da ya faɗa da ita na san ta, muryar shekarar kallon bango ce. Makullin yana rataye a ƙusa kusa da ni. Na miƙa hannu na ɗauka na ɗaure a bakin zanena.

Babangida ya fito ya duba ƙusar, ya dube ni. Kun san tunda na haife shi ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ido da ido ba, kunyar ɗan fari. Ranar na dube shi.

“Inna, makullin fa?”

“Yana wurina.”

“Mutumin yana waje yana jira. Na riga na ba shi kalma.”

“Ka je ka ba shi haƙuri. Ka ce uwarka ce ta hana.”

“Inna, in ta sake tsayawa da shi a daji fa? Wa za a zaga, ba ni ba? Cewa za a yi na saya wa ubana akwatin gawa.”

“Na ji tsoronka, kuma gaskiyarka ne. Amma in motar nan ta fita daga gidan nan, ba mai keken da zai fito da shi daga ɗakin can. Ni na zauna da shi wancan karon, kai ba ka nan.”

Wannan kalmar ta ƙarshe ita ta yi masa ciwo, na gani a fuskarsa. Gaskiya ce, amma gaskiya mai kaifi, ga yaron da ya hana kansa ya saya ya kuma gyara. Ya fita ya sallami dillalin, wanda na ji yana ɗaga murya a ƙofar gida yana cewa bai taɓa ciniki da namijin da ake warware masa magana daga madafa ba. Babangida bai ci abincin da na dafa ba. Ya koma Birnin Kebbi a ranar. Daga nan in ya kira, babansa yake kira, a ce a gaida Inna. Ƙaramar Salla ta zo bai zo ba. Wannan shi ne abin da na biya, kuma ban gama biya ba, don har yau in zai yanke shawara ƙannensa yake tuntuɓa kafin ni. Na sani, na karɓa.

Washegarin ranar da ya tafi, da hantsi, bayan ya karya, na zauna a ƙasa kusa da kujerar babanku na gaya masa abin da na lura da shi, tun daga ƙauri har zuwa ranar hazo. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

“To Maman Kulu, mi kike so in yi? In ɗaga gilashi in wuce mutane kamar gwamna? Ƙafa ta tafi, yanzu bakin ma in ba da shi?”

Na ce ni ban ce ya wuce kowa ba, ban ma tabbata ba, a tambayi wanda ya sani. Aka kira Bitrus. Ya zo yana tsokanata wai yau Maman Kulu ta buɗe gareji, amma da na maimaita masa sai ya daina dariya, ya ciro waya ya kira mutumin Kontagora, ya buɗe murya kowa na ji. Ya kwatanta masa yadda Saje ke tuƙi a cikin unguwa. Mutumin ya ce ai shi ke nan, abin da ya tambaya tun farko ke nan. Ya ce irin wannan giyar in mota tana rarrafe, ƙafa a birki rabi-rabi, kulocin bai kama ba bai saki ba, gogawa yake yi har ya yi zafi ya cinye kansa, a kan hawa kuma abin ya ninka. Abu biyu take so, ko tafiya sosai ko tsayawa cak. Ya ce tunda karkarwar ba ta yi nisa ba, in aka daina yanzu sababbin kulocin za su riƙe, a kawo masa ita ya sake saita ta da kwamfuta. Bitrus ya kashe wayar ya dubi ɗan'uwansa ya ce ashe duk addu'ar da aka yi ta coci da ta masallaci, mai laifin yana zaune a kan sitiyari yana cewa amin.

Babanku bai yi dariya ba. Kwana da kwanaki bai taɓa motar ba, ko bayan an dawo da ita daga Kontagora. Na mayar da makullin kan ƙusa, ina wucewa ina kallonsa, zuciyata tana cewa kin rasa ɗa, ga shi mijin ma bai fito ba. Na yawaita nafila a kwanakin. Abin da nake roƙo ɗaya ne, Allah Ya nuna masa hanyar da ba zai zaɓi tsakanin mutane da mota ba, don ni dabarata ta ƙare a nan.

Shi ya samo hanyar da kansa, ba ni ba. Wata Juma'a ya yi wanka ya sa babbar riga ya ce in fito in raka shi bakin layi. Muna fita sai ga Malam Audu mai shayi ya taso da hannu a miƙe. Babanku ya gangara gefe, ya taka birki har ƙasa, ya mayar da giya wurin ajiya, ya ja birkin hannu, ya kashe mota. Malam Audu ya tsorata ya ce ko ta lalace ne kuma. Babanku ya ce lafiyarta lau, a soja an koya musu abu biyu, tsayuwa da tafiya, jan ƙafa ba ya cikinsu, shi ne ya manta. Suka gaisa a tsanake. Da suka gama ya tayar, ya tafi sosai, wanda ya hango daga nesa ya ɗaga masa hannu ya danna hon, da ya kai wurin tsofaffin da ke zama a gindin darbejiya ya sake tsayawa cak ya kashe. Haka ya mayar da layinmu zango-zango. Wasu da aka ɗaga wa hannu sun ji haushi da farko, har wata ta aiko mini da magana wai Saje ya fara girman kai. Amma da mutane suka gane inda yake tsayawa sai suka riƙa taruwa a can suna jiransa, gaisuwar ta fi ta da tsawo, tuwona ya fi na da hucewa. Maganar jana'iza kuwa ya kai wa liman, liman ya ce mai uzuri ya jira jama'a su yi nisa sannan ya bi su, niyyarsa ta isar masa. Ƙaurin ya ɗauke. Karkarwar ta ragu har sai mai neman ta ne zai ji ta.

Duk wannan Babangida bai gani ba. An gaya masa a waya, ya ce to, Allah Ya sa. Sai matarsa ta haihu a gidan iyayenta a Kanya, namiji. Ya aiko cewa zai turo mota ta haya ta kwashe mu ranar suna, kada Baba ya wahalar da kansa. Babanku ya ce a gaya masa ya gode, yana da mota. Na so in ce wani abu, don Kanya ba Manga ba ce, hanyar da nisa da ramuka da hawa, kuma in motar ta tsaya a ranar nan a gaban surukai, maganar yarona ta tabbata, ni kuma ba ni da bakin sake hana komai. Na haɗiye. Na soya cincin, na ɗaure turamen zannuwa da sabulu, muka fita bayan sallar asuba gari ya yi haske, Bitrus da Rifkatu a baya, ni a gaba da carbina.

Tafiya ta yi kyau har muka kusa. A kan wani dogon hawa kafin gari sai muka hango garken shanu sun cika hanya, makiyaya suna kora su a hankali, babu ta inda za a raɓa. Motoci biyu da babura suna biye da su a rarrafe, ana ta hon. Wannan shi ne tudun maƙabarta ya dawo da ƙahoni. Babanku ya duba, ya gangara gefe tun daga gindin hawan, ya ja birkin hannu ya kashe mota. Wani direba da ke bayanmu ya zagaye mu yana cewa tsoho in ba ka iya ba ka ba yaro. Rifkatu ta ce za mu makara, an kusa raɗa suna. Bitrus ma ya ce ko a ɗan bi su a hankali, sau ɗaya ai ba zai kashe ta ba. Babanku ya ce a miƙo masa goro. Ya zauna yana tauna, ya gaisa da wani tsohon Bafulatani da ke bin bayan garken da ɗan maraƙi a kafaɗa, ya tambaye shi ruwa da ciyawa. Sai da shanun suka kai ƙarshen hawan suka kauce cikin daji, hanya ta buɗe tas, sannan ya tofar da goron ya yi bismilla ya tayar. Motar nan ta ɗauki tudun a numfashi ɗaya, ina jin tana canza giya ɗaya bayan ɗaya ba ko gargada. Na buɗe hancina ina neman ƙauri, babu sai ƙamshin cincin. A saman tudun muka cim ma direban da ya zage mu, ya buɗe gaban motarsa tana hayaƙi. Babanku ya tsaya cak ya tambaye shi ko yana buƙatar ruwa, Bitrus ya miƙa masa jarka ta taga.

Mun isa ana shimfiɗa tabarmi. Maza sun cika ƙofar gidan, Babangida yana tsaye cikinsu da farar shadda. Na ga lokacin da ya hango motar, na ga ya leƙa don ya ga wa ke tuƙi. Babanku ya shigo da ita a tsanake ya tsaya a inuwar mangwaro, ya buɗe ƙofa, ya fito da sandunansa, ya miƙe da kansa kafin kowa ya kawo hannu. Surukai suka taso, ana ta Saje da kanka, tun daga Zuru. Shi aka ba ya yi wa jaririn addu'a bayan liman, muna jiyo muryarsa daga cikin gida, Rifkatu tana matse mini hannu.

Da la'asar muna shirin komawa, na fito da kwanukana, na tarar Babangida yana zagaya motar shi kaɗai. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya ɗora tafin hannu a kanta, ya sunkuya yana shinshinawa. Da ya gan ni ya miƙe, ya karɓi kwanukan ya sa a but ɗin motar, ya ce Inna an zo lafiya, na ce lafiya lau, Allah Ya raya. Sai da babanku ya zauna ya tayar da mota sannan ya zo taga ya durƙusa, yana wasa da hularsa a hannu.

“Baba, in sun yi arba'in, gida za a fara kawo su wurin Inna kafin mu wuce Birnin Kebbi. Na ce ko kai za ka zo ka ɗauko su?”

Babanku ya kashe motar, ya ja birkin hannu, ya juyo ya dube shi sosai.

“Da wace mota?”

“Da wagga,” in ji yayanku.

Shi ya ɗauko su kuwa. Ni na riƙe jaririn a baya tun daga Kanya har ƙofar gidanmu, yana barci a cinyata, bai farka ba ko sau ɗaya.